Anini, Sisi da Dala: Ina Ajiyar Kakanninmu Ta Shiga?

Duk wanda ya tashi a tsohon gida a Haɗeja ko a garuruwan fadamarta, tun daga Auyo har Guri, ya san akwai wata ajiya da tsofaffi ba sa barin yaro ya taɓa. A wani gidan gwangwanin madara ne, a wani batta, a wani ƙullin tsumma can ƙarƙashin adudu, a wani kuwa 'yar tukunya ce aka binne a gindin gado. Abin da ke ciki tsofaffin kuɗi ne: wuri, dalar azurfa, anini da kwabo masu huda, taro, sisi da sule. Yau idan ka bi gidajen nan kana tambaya, kusan amsa ɗaya za ka ji: "Da kam akwai, amma tun da tsohuwa ta rasu ba mu san inda suka shiga ba."

Wannan asara tana damuna, domin ba a gaban kowa ake yin ta ba, kuma ba wanda ke kai ƙara. Yawancin kuɗin nan ba za su sayi komai a kasuwa yau ba, amma kowane ɗaya shaida ne na yadda iyayenmu da kakanninmu suka nemi abinci, suka biya haraji, suka aurar da 'ya'ya, suka je Makka. Shaidar kuwa rabi biyu ce. Rabi yana jikin ƙarfen, rabi yana bakin tsohon da ya ajiye shi. Ranar da aka binne tsohon ba a tambaye shi ba, rabi ya tafi, sauran kuma ba ya daɗewa.

Me ya sa suka ajiye?

A ƙasashen Turai akwai masu tara kuɗin da don sha'awa, suna jera su a akwatin gilashi, suna musaya da juna. Kakanninmu ba haka suka yi ba. Tasu ajiya tanadi ce. Macen da ke cikin kulle tana sana'ar ƙuli-ƙuli, ko kaɗi, ko saƙar tabarmar kaba, ba ta da banki sai asusu da haɓar zane. Masunci da ya sayar da bandar kifi, da manomin da ya kai gyaɗa kanti, su ma lalita ce bankinsu. Ana tarawa ne don auren 'ya, don ragon suna, don likkafani, don ranar da damina ta ƙi.

Sai dai cikin shekara ɗari da 'yan kai an yi ta sauya wa ƙasar nan kuɗi. Kowane sauyi yana zuwa da wa'adi, wanda labari ya riske shi kan lokaci ya kai a canza masa. Wanda ke can tsallaken ruwa, ko wadda ta ɓoye nata ba ta son kishiya ko miji su san adadinsa, sai kuɗin su mutu a hannunta. Ba ta iya kashewa, zuciyarta kuma ba ta yarda ta zubar da guminta ba. Haka ajiyar ta taru, wani zamani a kan wani. Idan mutum ya zazzage gwangwanin a tabarma, zai iya bin tarihin kasuwar Haɗeja daki-daki.

Daga wuri zuwa dala

Mafi tsufa a ciki shi ne wuri. Mutane da yawa ba su san cewa wannan ɗan ƙwanso ba a kogunanmu ake samun sa ba. Daga tsibiran Maldibis da ke Tekun Indiya aka fara kawo shi, daga baya jiragen Turawa suka riƙa jido wani irinsa daga gaɓar Zanzibar. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya. A tafiyar tasa zuwa Kukawa ya ratsa ta Gumel, a shekarun da sunan Sarkin Haɗeja Buhari ya cika yankin. Manyan 'yan kasuwa da keso suke lissafi, wato jakar tabarma mai cin wuri 20,000, kuma ƙirga shi kaɗai aiki ne da ake ɗaukar mutane su yi. Da jiragen ruwa suka ci gaba da kwararo shi, sai darajarsa ta yi ta faɗuwa, har dakonsa ya zama wahala ga fatake.

Shi ya sa masu hali suka fi son dala. Wannan kuɗi ne na ƙasar Ostiriya, da hoton sarauniya Mariya Tereza a fuska ɗaya, da mikiya mai kai biyu a ɗaya fuskar. Nauyinta giram 28, mafi yawansa azurfa. Ta hanyar Sahara ta iso mana, a hannun fataken Tarabulus da na Borno, Haɗeja kuwa a kan hanyar Kano zuwa Borno take. Mata sun riƙe ta da daraja, domin ado ce kuma jari ce. Ana huda ta a rataya, ko a kai wa maƙerin farfaru ya mayar da ita munduwa ko zobe, idan rana ta ɓaci kuma a sayar.

Kuɗin Bature

A watan Afrilu na 1906 sojojin Ingila suka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama, abin da ya sa har gobe ake ce masa Mai Shahada. Shekara ɗaya bayan nan, a 1907, aka buga kuɗin ƙarfe na farko da sunan Najeriya a jiki: kwabo da anini. Anini goma ke yin kwabo. An yi shi ƙarami haka ne don ya maye gurbin wuri a cinikin gishiri da daddawa. Aninan farko da alminiyam aka buga su, suna cikin kuɗin alminiyam na farko da aka kashe a duniya, amma ba su jure ba, aka koma wani ƙarfen. Duk suna da huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsu, don Turawa sun san a Arewa masu karatun allo ne za su karanta. Hudar ta yi wa mutanen da suka saba zarge wuri daidai, suka riƙa zarge anini a igiya.

A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan, wadda ta riƙa buga kuɗi iri ɗaya wa Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Daga 1913 taro da sisi da sule da fataka suka fito, na azurfa, sule da fataka ɗauke da hoton itacen kwakwar manja. A 1920, da azurfa ta yi tsada, aka koma gaurayen tagulla. Lissafin da kakanninmu suka haddace ke nan: ɗari biyu kwabo (ɗari shi ne rabin kwabo), kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule biyu fataka, sule ashirin fam.

Mutane ba su karɓi kuɗin nan don so ba. An hana shigo da wuri, aka kuma matsa a biya haraji da jangali da kuɗin Bature. Wanda zai biya dole ya sayar da wani abu, nan gyaɗa ta shigo. Da layin dogo daga Kano ya kai Nguru a 1930, Malam Madori ta zama tasha kuma matattarar masu awon gyaɗa, sule da fataka suka malalo ƙauyukan Haɗeja. A jakunkuna ake kawo su, kowace jaka fam ɗari.

Akwai wani abu da ya kamata mai irin wannan ajiya ya duba. A 1936 Sarkin Ingila Edward na Takwas ya sauka daga mulki tun bai cika shekara ba, a Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. Amma an buga kwabo da ɗari da anini na Afirka ta Yamma da sunan nasa, aka kuma kashe su a kasuwanninmu. Ba mamaki a samu irinsu a adudun wata tsohuwa a Kafin Hausa.

Kuɗinmu na kanmu

Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, a shekarar kuma aka fitar da kuɗin Tarayyar Najeriya. Fuskarsu Sarauniya Elizabet ce, bayansu amfanin gonarmu: auduga a taro, koko a sisi, kwakwa a sule, gyaɗa a fataka. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka canza takardun kuɗi. Ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka zo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Kwabo 25 na wancan lokaci yana ɗauke da dalar gyaɗa, kwabo ɗaya kuma da rijiyoyin mai, arzikin jiya da na gobe a aljihu ɗaya. A 1977 naira ashirin mai hoton Janar Murtala Muhammed ta fito. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardun kuɗi da ɗan gajeren wa'adi, mutanen karkara da yawa suka kwana da kuɗin da ba sa ciwuwa. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, naira ɗaya ta koma ƙarfe da hoton Herbert Macaulay. A 2007 aka sake fitar da sababbin ƙarafa har da na naira biyu, amma tsadar kaya ta riga ta wuce su, 'yan kasuwa ba su ko kula su ba. Yaron da aka haifa a wannan shekarar ya girma bai taɓa sayen alewa da kuɗin ƙarfe ba.

Abin da na gani a ɗakin Kaka

Kakata ta wajen uba bandar kifi ta yi sana'a, tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa. Ajiyarta tana cikin wata battar fata da ta yi baƙi don tsufa. Ba ta buɗe ta sai ta ga dama, yawanci bayan la'asar idan gida ya yi shiru. Takan ce mini, "Zo nan, maigidana, ka ga abin da ka kasa ba ni." Sai ta shimfiɗa ɗankwali ta zazzage.

Akwai anini wajen talatin a zarge da zaren kaɗi, sun goge har rubutun wasu ya ɓace. Ta ce canjin cinikinta na farko ne tana budurwa, uwarta ta hana ta kashewa. Akwai dala biyu, ɗaya an liƙa mata 'yar kunne ta rataya. Takan ɗora ta a kan ɗan yatsa ta ƙwanƙwasa da sule, ta ce, "Ji kukanta. Azurfar gaskiya ba ta yin shiru da wuri." Wannan dalar, in ji ta, kakarta ce ta zo da ita ɗakin miji, daga nan ta riƙa bin 'ya'ya mata.

Wanda ya fi jan hankalina wani ɗan ƙarfe ne mai hoton mutum a kan raƙumi, da rubutun Larabci. Kuɗin Sudan ne. Kakana ya yi aikin Hajji ta ƙasa, ta Maiduguri da Fort Lami zuwa Sudan, yana tafe yana aikin gona da dako don neman guzuri, har ya kai bakin Bahar Maliya. Wannan ƙarfe ne ya rage a aljihunsa da ya dawo. Kusa da shi akwai tamma biyu na Faransa da ya samo wajen fataken Damagaram. Ba wata takarda a gidanmu da ta rubuta wannan tafiya. Ƙarfen ne kaɗai, da bakin Kaka.

Ta rasu ina karatu a Kano. Aka raba tufafi da kwalla da tasoshi yadda shari'a ta ce. Battar kuwa ba ta shiga lissafi ba, don an ce kuɗi ne matattu. Wani mai yawon sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya ɗora dalolin a sikeli, ya biya kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Sauran aka bar wa yara suna wasan kasuwa da su a tsakar gida har ƙasa ta cinye.

Hanyoyin da suke bi su ɓace

Abin da ya faru a gidanmu shi ke faruwa ko'ina, kuma hanya ta farko ita ce rabon gado. Masu rabo suna ƙirga gona da gida da dabbobi da zinare. Abin da ba shi da farashi a kasuwa ba ya da mai shi, abin da ba shi da mai shi kuwa ba ya kwana biyu. Sau da yawa ma tsohuwar ba ta gaya wa kowa inda ta binne ba, sai a rushe ɗakin a yi sabon gini a kai.

Ta biyu wuta ce. Dala da sulallan da aka buga kafin 1920 azurfa ne, saboda haka maƙera suna neman su, su narke su zama zobba. Na tagulla kuma 'yan gwangwan ke saye a kilo tare da tsofaffin tukwane. Ban ga laifin maƙeri ba, sana'arsa yake yi, kuma tun zamanin kakanni haka ake yi. Amma a da idan an narka wata, wata na shigowa. Yanzu duk wadda ta shiga wuta ba mai maye gurbinta.

Ta uku ita ce tamu ta mutanen fadama, wato ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, idan damina ta yi ƙarfi sai ya fasa ya shiga gari. A ambaliyar 2020 da ta 2022 gidajen ƙasa sun zube a Auyo da Kiri Kasamma da Guri da kewayen Haɗeja. Wanda ke gudun ceton rai, yara da hatsi zai ɗauka. Tukunyar da ke ƙarƙashin gado sai ta bi laka, tare da tsofaffin littattafai da takardun gona.

Ta huɗu kuwa kwaɗayi ne. Lokaci zuwa lokaci jita-jita kan tashi cewa wani kwabo mai huda ko wani tsohon dutsen guga yana ɗauke da sinadarin da ake saye da miliyoyi. Ba gaskiya a ciki. 'Yan damfara ne ke kunna ta, su karɓi kuɗin gwaji a hannun wani, su kwashe ajiyar wani da sunan za su kai wa Bature. Matasa sun sha fasa akwatin kakanninsu a kan wannan magana.

Nawa ne darajarsu?

Gara a faɗa wa mutane gaskiya don hankali ya kwanta. Anini da kwabo da sule an buga su da miliyoyi, saboda haka mafi yawansu ko a wajen masu tara kuɗin da na ƙasashen waje ba su da tsada, balle waɗanda suka goge. Dala kuma tana da wani sirri da ya kamata a sani. Kusan duk wadda za ka gani an rubuta mata 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu. Saboda 'yan kasuwar Afirka da Larabawa ba sa karɓar wadda aka sauya mata kama, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar, a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombai, har ɗaruruwan miliyoyi. Don haka shekarar jikinta ba ta nuna tsufanta, darajarta a kasuwa ta azurfar da ke cikinta ce. A cikin anini da kwabo da sule kuwa, akwai ɗaiɗaikun shekaru da ba a buga da yawa ba, masana sukan gane su ta shekarar da kuma wasu ƙananan haruffa, H ko KN, masu nuna masana'antar Birmingham da ta buga. Irin waɗannan ba a kowane gida ake samu ba.

Wanda ya sayar da ajiyar gidansu zai karɓi abin da zai ƙare kafin sati. Abin da ya bayar kuwa ba ya sayuwa. Tarihin da ake koya wa 'ya'yanmu na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da gwamnoni. Tarihin mai bandar kifi, da mai saƙar tabarma, da manomin da ya sayar da akuya don ya biya haraji, ba a rubuta shi ba. A irin waɗannan battoci yake.

Abin da ya rage a hannunmu

Wanda Allah ya bar masa kaka ko tsohon uba da rai, ya je ya zauna gabansu da ladabi ya ce, "Baba, a nuna mini kuɗin da, a gaya mini labarinsu." Ya ɗauki maganar a waya, ya ɗauki hoton kowane ƙarfe gaba da baya, ya rubuta wanda ya mallake shi da yadda aka same shi, da boko ko da ajami, ya sa takardar tare da kuɗin. Kada a goge su da toka ko yashi ko lemon tsami, gugar tana cinye rubutun. A naɗe kowanne a takarda busasshiya, a sa a gwangwani mai murfi, a ɗora a sama inda ruwa ba ya kaiwa. Binnewa a fadama ta daina zama ajiya.

Malamai da alƙalai masu rabon gado su ma suna da rawar takawa. Dalar azurfa dukiya ce, haƙƙin magada ce, bai halatta wani ya ɗauke a ɓoye ba. A fito da ita a yi mata ƙima, wanda zai riƙe ya karɓa cikin rabonsa, ko magada su yarda a damƙa wa mutum ɗaya amana a gaban shaidu. Sauran ƙarafan da ba su da farashi, a ambace su a zaman rabon, a san hannun da suka shiga.

Babban Bankin Najeriya yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja, Kano tana da Gidan Makama, amma ɗan firamare na Birniwa ko Kaugama ba zai je can ba. Masarautar Haɗeja tana da martabar da idan ta yi kira, gidaje za su fito da abin da suka ɓoye. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja suna da ɗaliban da za su iya bin unguwanni da ƙauyuka suna ɗaukar hoto da rubuta bayani, ba tare da an raba kowa da kayansa ba. Ɗaki ɗaya da akwatunan gilashi kaɗan sun isa a fara, kowane ƙarfe da sunan gidan da ya fito da sana'ar mai shi. Waɗanda suka yi ciniki da sule da sisi da hankalinsu yanzu sun haura sittin, waɗanda suka kashe anini kuwa sun fi haka nisa. Su ne za su iya faɗa mana mudun gero nawa sule yake saye, da nawa aka biya sadakin iyayenmu. A je a tambaye su tun suna iya amsawa.